Idan Kwamishinan Haraji Ya Sake Buɗe Fayil: Jagora Kan Taƙaddamar Jarin Waje a Hannun Jarin Kamfanonin Indiya

A Indiya kamfani yakan kammala binciken harajinsa na shekara, jami'in da ke yanka haraji ya sa hannu a takarda, a biya abin da aka yanka, kowa ya kama gabansa, sannan bayan shekara guda ko biyu sai ga wasiƙa daga ofishin Kwamishinan Haraji tana cewa wancan yankan akwai kuskure a cikinsa, kuma kuskuren ya jawo wa baitulmali asara. Ikon yin haka yana cikin sashe na 263 na dokar harajin kuɗin shiga ta shekarar 1961. Kuɗin da suka shigo daga ƙasashen waje domin sayen hannun jari suna cikin abubuwan da kwamishinoni suka fi sa wa ido, kuma dalilin a fili yake: kuɗin suna da yawa, mai su ba ya ƙasar balle a kira shi ofis, farashin da ya biya kuma sau da yawa yakan ninka darajar da ke rubuce a kan hannun jarin sau goma ko hamsin.

Wannan jagora ta daraktan kamfani ce, da akanta, da lauya, da kuma wanda ya zuba kuɗinsa a wani kamfani a can. Abin da nake so mai karatu ya riƙe tun daga farko shi ne, ba a gaban kwamishina ake cin wannan shari'a ba, a cikin fayil ɗin binciken farko ake cinta ko a faɗi, domin tambayar da kotu za ta yi daga ƙarshe ita ce: shin jami'in farko ya tambaya, an ba shi amsa, ya kuma ɗauki matsayin da doka ta yarda da shi?

Domin maganar ta zauna, a ɗauka akwai wani ƙaramin kamfani a birnin Pune na Indiya da ya sayar wa wani mai jari daga waje hannun jari 100,000. Darajar da ke rubuce a kan kowane ɗaya rupi 10 ce, amma an sayar a kan rupi 500, jimilla rupi miliyan 50, abin da mutanen can suke kira kuror biyar. Da wannan misali za mu yi aiki. Lambobin sassan da za a ambata na dokar 1961 ne. Sabuwar dokar harajin kuɗin shiga ta 2025, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Afrilu 2026, ta sake jera sassan da wasu lambobi, amma taƙaddamar shekarun da suka gabace ta tana ci gaba ne a ƙarƙashin tsohuwar.

Mataki na farko: gane irin takardar da ta zo

Ƙofofi huɗu ne ake bi a taɓa harajin da aka riga aka yanka, kuma kowace da mabuɗinta. Sashe na 154 na gyaran kuskuren da ke bayyane ne, kamar na lissafi. Sassa na 147 da 148 su ne suke ba jami'in da kansa damar sake buɗe shekara idan bayanai sun nuna wani kuɗin shiga ya kuɓuce wa haraji. Sashe na 264 na mai biyan haraji ne, shi yake roƙon kwamishina ya sassauta masa. Sashe na 263 kuwa na kwamishina ne a kan aikin jami'in da ke ƙarƙashinsa, kuma tun daga 1 ga Afrilu 2022 ya haɗa har da hukuncin jami'in da ke duba farashin ciniki tsakanin kamfanoni 'yan gida ɗaya. Ka karanta kan takardar ka ga sashen da aka ambata, domin amsar da ta dace da ɗaya ba ta aiki a ɗaya. Ka duba kuma ko tana ɗauke da lambar shaida ta kwamfuta, wadda hukumar haraji ta tarayya, CBDT, ta wajabta a kan kowace wasiƙa tun 1 ga Oktoba 2019. Idan babu, ka rubuta ƙorafi a kai, amma kada ka jingina dukan shari'arka da wannan.

Mataki na biyu: lissafa wa'adi da iyakar ikon kwamishina

Kwamishina yana da shekara biyu daga ƙarshen shekarar kuɗin da aka yanke hukuncin da yake son taɓawa, kuma shekarar kuɗi a Indiya tana farawa ne 1 ga Afrilu ta ƙare 31 ga Maris. Idan an sa hannu a yankan harajin kamfanin namu ranar 20 ga Satumba 2022, shekarar kuɗin ta ƙare 31 ga Maris 2023, wa'adin kwamishina kuma ya cika 31 ga Maris 2025. Shi ya sa irin waɗannan takardu suke yawaita a watannin Fabrairu da Maris, tare da ɗan gajeren lokacin amsawa.

Akwai wata dabara da ya kamata a lura da ita. Wani lokaci an yanka haraji, daga baya aka sake buɗe shekarar a kan wani batu dabam, sai kwamishina ya ƙirga wa'adinsa daga hukunci na biyu domin ya kai ga batun hannun jari. Kotun Ƙoli ta toshe wannan hanya a shari'ar Alagendran Finance a 2007, inda ta ce idan batun bai shiga cikin sake buɗewar ba, daga hukuncin farko ake ƙirge. Haka nan, batun da aka riga aka kai gaban kwamishinan ɗaukaka ƙara kuma ya yanke hukunci a kansa ya fita daga hannun kwamishinan da ke bita a ƙarƙashin sashe na 263. Idan kuma binciken farko na taƙaitattun batutuwa ne da kwamfuta ta zaɓa, kuma hannun jari ba ya cikinsu, rassa da dama na kotun haraji sun yanke cewa ba za a zargi jami'i da ƙin binciken abin da ba a ba shi izinin bincika ba.

Mataki na uku: tantance dokar da ke aiki a shekarar da aka fitar da hannun jarin

A nan ne takardun kwamishinoni suka fi yin tuntuɓe, kuma a nan ya kamata ka zauna da kalanda. Hanyoyi uku ake bi a mayar da kuɗin jari su zama kuɗin shiga.

Ta farko ita ce sashe na 56(2)(viib), wanda 'yan kasuwa suke kira harajin masu tallafa wa sababbin kamfanoni. An kawo shi a 2012, kuma yana cewa idan kamfanin da ba na jama'a ba ya sayar da hannun jari a kan farashin da ya zarce darajarsa ta gaskiya, rarar kuɗin shiga ce. A misalinmu, idan jami'i ya ce darajar gaskiya rupi 120 ce, rarar rupi 380 sau 100,000, wato rupi miliyan 38, za ta hau kan kuɗin shigar kamfanin. Amma daga 2012 har zuwa Maris 2023 wannan sashe ya shafi kuɗin da aka karɓa daga mazauna Indiya ne kaɗai. Dokar kasafin 2023 ce ta shigo da baƙi ciki daga 1 ga Afrilu 2023, sannan kasafin Yuli 2024 ya soke harajin baki ɗaya. Ma'ana, ga mai jari na waje shekarar kuɗi guda ce tak wannan haraji ya yi aiki, wato 2023 zuwa 2024. Idan takardar kwamishina tana kukan cewa jami'i bai auna farashin da wannan sashe ba, alhali an fitar da hannun jarin ga baƙo a 2019 ko 2021, to babu kuskure, babu kuma asara, domin ba a asarar harajin da doka ba ta ɗora ba. Ko a cikin waccan shekara guda, gwamnati ta keɓe wasu nau'o'in masu jari daga ƙasashe 21, ciki har da Amurka, Ingila da Faransa, ba tare da Singafo, Holan da Morishus ba, sannan a Satumba 2023 ta ƙara hanyoyi biyar na kimanta daraja domin baƙi, da rangwamen kashi 10 cikin ɗari idan farashi ya ɗan haura.

Ta biyu, wadda ta fi haɗari, ita ce sashe na 68, na kuɗin da aka gani a littafin kamfani kuma aka kasa bayanin asalinsu. Wannan bai bar baƙo ba, bai bar ɗan ƙasa ba. Kamfani ne zai nuna abu uku: wane ne mai jarin, yana da ƙarfin fitar da irin waɗannan kuɗi, kuma cinikin na gaskiya ne. Idan aka kasa, duka kuɗin ake ɗauka, ba rarar kaɗai ba, kuma tun daga shekarar haraji ta 2017 zuwa 2018, wato wadda aka yanka harajin shekarar kuɗin da ta gabace ta, sashe na 115BBE ya sa harajin ya zama kashi 60 cikin ɗari, wanda da ƙare-ƙarensa yake kaiwa kashi 78. A kan rupi miliyan 50 ɗin misalinmu, rupi miliyan 39 ke nan kafin a zo maganar tara da kuɗin jinkiri. Sai dai akwai bambanci mai amfani: sharaɗin da aka ƙara a 2012, cewa shi ma mai jarin sai ya bayyana inda ya samo kuɗinsa, an rubuta shi ne a kan mazaunin Indiya. Ka ambaci wannan a amsarka, amma shawarata ita ce kada ka fake da shi ka ƙi kawo bayanan bankin mai jarin idan kana iya samunsu. Kotun Ƙoli a shari'ar NRA Iron and Steel ta Maris 2019, inda aka je adireshin wasu kamfanonin da suka sayi hannun jari ba a same su ba, ta nuna cewa wucewar kuɗi ta banki kaɗai ba ta wanke ciniki.

Ta uku ita ce dokar farashin ciniki tsakanin kamfani da uwarsa ta waje, kuma a nan zargin juyewa yake yi: sai a ce an sayar da hannun jarin da araha. Haka aka yi wa Vodafone India Services, aka ɗauki giɓin da ke tsakanin farashin da ta karɓa da wanda jami'i ya ƙiyasta a matsayin kuɗin shiga, har aka ce bashi ne ta ba uwar kamfanin, aka ɗora masa ruwa. Babbar Kotun Bombay ta rushe wannan ranar 10 ga Oktoba 2014, ta ce fitar da hannun jari harka ce ta jari, ba ta haifar da kuɗin shiga, ta kuma yanke irin haka ga Shell bayan wata guda. Gwamnati ta amince da hukuncin a Janairu 2015, CBDT kuma ta umarci jami'anta su bi shi. Jami'in da ya bi umarnin hukumarsa ba za a ce ya yi kuskure ba.

Mataki na huɗu: tono fayil ɗin binciken farko

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagar da kwamishina yake nema ita ce inda jami'i bai tambaya ba. Tun da binciken haraji ya koma ta intanet ba tare da ganin fuska ba, duk tambaya da amsa suna nan ajiye a shafin kamfani na hukumar haraji. Ka sauke kowace takardar tambaya da aka aiko a ƙarƙashin sassa na 142(1) da 143(2), da kowace amsa, da rasit ɗin karɓarta mai ɗauke da kwanan wata. Ka nemi izinin duba fayil ɗin ofis da takardar da jami'i yake rubuta abin da ya gudana a kowane zama. Daga nan ka zana jadawali mai layi huɗu: abin da kwamishina ya ce ba a bincika ba, lambar tambayar da jami'i ya yi a kai da ranarta, ranar da aka amsa, da shafin da takardar take. Wannan jadawali ya fi dogon jawabi amfani a gaban alƙali.

Dalilin wannan wahala yana cikin hukuncin Kotun Ƙoli na shari'ar Malabar Industrial a shekarar 2000, wanda har yau shi ne ginshiƙin kowace muhawara a kan sashe na 263. Kotun ta ce sharuɗɗa biyu ne, kuma dole su haɗu: hukuncin ya zama kuskure, ya kuma cutar da baitulmali. Idan doka tana ɗaukar fassara biyu, jami'i ya zaɓi ɗaya, rashin gamsuwar kwamishina bai mayar da zaɓin kuskure ba, sai fa idan matsayin ba shi da madafa a doka. Kotun ta sake jaddada haka a shari'ar Max India a 2007. Babbar Kotun Delhi kuma, a shari'o'in Sunbeam Auto da DG Housing Projects, ta raba tsakanin rashin bincike gaba ɗaya da binciken da kwamishina yake ganin bai yi zurfi ba. A na farko yana iya mayar da fayil a sake. A na biyu sai ya yi nasa binciken ya nuna takamaimai inda kuskuren yake. Kuma ba sharaɗi ba ne jami'i ya rubuta kowane batu a cikin hukuncinsa, muddin fayil ya nuna ya tambaya an amsa.

Kada wannan ya sa ka saki jiki. Daga 1 ga Yuni 2015 an ƙara wa sashen bayani na biyu, wanda ya ce ana ɗaukar hukunci a matsayin kuskure idan an yanke shi ba tare da binciken da ya kamata a yi ba, ko an ba da sassauci ba tare da dubawa ba, ko an saɓa wa umarnin CBDT, ko hukuncin babbar kotun yankin ko na Kotun Ƙoli. Babbar Kotun Kalkata kuma, a shari'ar Rajmandir Estates ta 2016, ta goyi bayan kwamishina a kan wani kamfani da ya tara jari da farashi mai tsada, duk da cewa jami'i ya karɓi takardu, domin a ganinta tara takarda dabam, bincike dabam. Saboda haka ka auna fayil ɗinka da idon abokin hamayya. Idan tambayar jami'i layi ɗaya ce, "a kawo bayanin jarin da aka samu a shekara", amsar kuma jerin sunaye ne kawai, to ƙafarka a wannan fage ba ta da ƙarfi, gara ka mayar da nauyin hujjarka kan sharaɗi na biyu, wato ko da an sake bincike babu harajin da zai fito.

Mataki na biyar: harhaɗa takardun jarin

Wanda ya san takardar shaidar shigo da jari da bankunan Najeriya suke bayarwa zai gane tsarin nan take, domin Indiya ma tana da irinta a ƙarƙashin dokar musayar kuɗin waje ta 1999. Bankin da ya karɓi kuɗin yana ba da takardar FIRC, wato shaidar shigowar kuɗi daga waje, tare da rahoton sanin abokin hulɗa daga bankin da ya turo. Dole a fitar da hannun jarin cikin kwana 60 da shigowar kuɗin, in ba haka ba a mayar da su, sannan a cike fom ɗin FC-GPR ga babban bankin Indiya cikin kwana 30 da fitarwa, a kuma kai fom ɗin PAS-3 ga magatakardan kamfanoni. Ka haɗa waɗannan da yarjejeniyar sayen hannun jari, da ƙudurin hukumar daraktoci, da takardar rajistar mai jarin a ƙasarsa, da shaidar cewa a can yake biyan haraji, da asusunsa da aka tantance, da bayanin bankinsa na watannin da ya turo kuɗin. Ba a fafe gora ranar tafiya: mai jarin da ya riga ya sayar da rabonsa ya tafi ba lallai ya amsa waya ba, don haka a karɓi waɗannan takardu ranar da kuɗi suka shigo. Ka sani kuma hukumar haraji tana iya tambayar takwararta ta ƙasar mai jarin ta hanyar yarjejeniyar musayar bayanai, saboda haka abin da ka rubuta ya dace da abin da za a samu a can.

Rahoton kimanta daraja yana buƙatar kulawa ta musamman. Dokar musayar kuɗi ta hana a sayar wa baƙo hannun jari ƙasa da darajarsa ta gaskiya, dokar haraji kuma a waccan shekara guda ta hukunta wanda ya sayar sama da ita, kamfani ya zama gaba kura baya sayaki. Ƙa'ida ta 11UA, cikin ƙa'idojin dokar haraji, ta bar wa kamfani zaɓi tsakanin hanyar littafi, wato a cire bashi daga kadara a raba, da hanyar hasashen kuɗin da kamfani zai samu nan gaba a mayar da su darajar yau, kuma tun Mayu 2018 bankin saka jari mai rajista ne kaɗai yake sa hannu a irin rahoto na biyu. Zargin da aka saba yi shi ne, an yi hasashen ciniki mai yawa amma ga shi kamfani yana ta faɗuwa. Babbar Kotun Delhi ta amsa wannan a shari'ar Cinestaan Entertainment a 2021, ta ce ba a auna hasashe da abin da ya faru daga baya. Babbar Kotun Bombay kuma, a shari'ar Vodafone M-Pesa ta 2018, ta ce jami'i yana iya bin diddigin alƙaluman rahoto, amma ba zai sauya hanyar da kamfani ya zaɓa ba. Ni a ganina hujjar da ta fi shiga kunnen alƙali ita ce mafi sauƙi: baƙon da ba dangin iya ba na baba, ya yi nasa binciken, ya biya rupi 500 daga aljihunsa, shi ne shaidar farashin. Idan kuwa mai jarin ɗan'uwan darakta ne ko kamfaninsa na waje, wannan hujja ba ta da nauyi, sai rahoton ya tsaya da ƙafarsa.

Mataki na shida: rubuta amsa da halartar zama

Ka tsara amsar daga waje zuwa ciki: wa'adi da iko tukuna, sannan jadawalin tambaya da amsa, sannan dokar shekarar, daga ƙarshe gaskiyar cinikin. Ka bayyana cewa shigarka cikin gundarin magana ba janye ƙorafinka a kan iko ba ne. Idan bitar ta taso ne daga ƙorafin masu binciken kuɗin gwamnati ko shawarar shi jami'in, ka nemi a ba ka kwafi, domin doka tana so kwamishina ya duba fayil da kansa ya gamsu, ba ya ari gamsuwar wani ba. Idan lokacin da aka ba ka ya yi kaɗan, ka nemi ƙari a rubuce, kuma ka miƙa abin da ya samu kafin ranar.

Masu kallon finafinan Indiya za su yi mamakin jin cewa ɗaya daga cikin manyan hukunce-hukuncen wannan fage yana ɗauke da sunan Amitabh Bachchan. A shari'arsa ta Mayu 2016 Kotun Ƙoli ta ce sashe na 263 bai ɗaure kwamishina ga abin da ya rubuta a takardar farko ba, abin da ya wajaba shi ne ya ba mutum damar kare kansa a kan kowane batu kafin ya yanke hukunci. Amfanin wannan a aikace shi ne, idan aka ɗago sabon batu a tsakiyar zama, kada ka tsaya kan cewa ba ya cikin takarda. Ka nemi a rubuta shi, a ba ka rana, ka amsa. Idan kuma hukunci ya fito da batun da ba a taɓa gabatar maka ba, ka sami hujjar ɗaukaka ƙara.

Idan taƙaddamar ta sayarwa ce, ba saye ba

Wani lokaci abin da ake bita shi ne ribar da baƙo ya samu da ya sayar da rabonsa, jami'i kuma ya yafe harajin bisa yarjejeniyar hana biyan haraji sau biyu. A nan ma kwanan wata ne alƙali. Yarjejeniyar Indiya da Morishus ta daɗe tana barin harajin irin wannan riba ga Morishus, sanarwar CBDT mai lamba 789 ta Afrilu 2000 ta ce takardar shaidar zama, wadda ke nuna mai jarin mazaunin Morishus ne ta fuskar haraji, ta wadatar, Kotun Ƙoli kuma ta tabbatar da ita a 2003. Gyaran Mayu 2016 ya ba Indiya ikon karɓar haraji a kan hannun jarin da aka saya daga 1 ga Afrilu 2017. Sayarwa ta bayan gida, inda ake cinikin kamfanin waje da ya mallaki na Indiya, ita ce ta haifar da rikicin Vodafone kan cinikin dala biliyan 11 na 2007: kamfanin ya yi nasara a Kotun Ƙoli a Janairu 2012, majalisa ta gyara doka ta mayar da ita baya har 1962, sai a 2021 aka janye wannan komawa baya. A Janairu 2026 kuma Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a kan kamfanin saka jari na Tiger Global game da sayar da rabonsa na Flipkart, kamfanin ciniki ta intanet, ga kamfanin Walmart na Amurka a 2018, ta nuna cewa takardar shaidar zama ba ta hana hukuma leƙa abin da ke bayanta. Don haka fayil ɗin mai jari ya nuna inda daraktoci suke zama, wa yake sa hannu a asusun banki, da inda ake yanke shawarar saye da sayarwa.

Mataki na bakwai: bayan hukuncin kwamishina

Kwamishina yana iya janye batun, ko ya ƙara harajin da kansa, ko, kamar yadda aka fi yi, ya soke yankan farko ya ce a sake. Ƙarar wannan hukunci ba ta zuwa wurin kwamishinan ɗaukaka ƙara, kai tsaye take tafiya kotun ɗaukaka ƙarar haraji, ITAT, wadda aka kafa tun 1941, a kan fom mai lamba 36. A da wa'adin kwana 60 ne, amma daga 1 ga Oktoba 2024 ya koma wata biyu daga ƙarshen watan da hukuncin ya iso hannunka. Kuskuren da ya fi tsada a nan shi ne a ce bari a jira a ga abin da sabon bincike zai haifar. Wanda bai ƙalubalanci hukuncin kwamishina a kan lokaci ba, ba zai iya tayar da maganar ikonsa a ƙarar sabon yankan ba.

Saboda haka shari'a biyu za ka riƙe a lokaci guda. Jami'i yana da wata 12 daga ƙarshen shekarar kuɗin da kwamishina ya yanke hukunci domin ya kammala sabon yanka, kuma ba zai jira kotu ba sai ta dakatar da shi, don haka ka roƙi ITAT ta gaggauta sauraro ko ta tsayar da binciken. Kafin nan ka ba jami'i haɗin kai, ka kuma tsare shi a kan batutuwan da kwamishina ya ambata kaɗai. Idan sabon haraji ya fito, kwana 30 gare ka ka ɗaukaka ƙara gaban kwamishinan ɗaukaka ƙara, kuma akan nemi a ajiye wani kaso na harajin, wanda umarnin CBDT na Yuli 2017 ya sa kashi 20 cikin ɗari a lokacin, kafin a dakatar da karɓar sauran. Kamfanin waje, ko wanda aka taɓa farashin cinikinsa da uwarsa, daftarin hukunci ake fara ba shi, yana kuma da kwana 30 ya kai kuka gaban kwamitin warware taƙaddama.

Idan ITAT ta rushe hukuncin kwamishina, sabon yankan da aka gina a kansa ya faɗi tare da shi, sai ka kai wa jami'i kwafin hukuncin ka nemi a mayar da abin da aka ajiye. Idan ta tabbatar da shi, akwai kwana 120 na zuwa babbar kotu a ƙarƙashin sashe na 260A, amma a can batun doka mai nauyi kaɗai ake saurare. Ko jami'i ya yi tambaya ko bai yi ba magana ce ta abin da ya faru, kuma a kan wannan ITAT ce ta ƙarshe, saboda haka jadawalin nan mai layi huɗu da kowace takardar banki su shiga kundin da za a miƙa mata, da lambar shafi a kan kowace.